Tambayoyi da amsoshi kan waya, kwamfuta da ayyukan intanet na yau da kullum

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini idan zance ya biyo ta kan na'urori. Amsoshin sun haɗa bayani da ra'ayi, kuma na yi ƙoƙarin bambanta su, ta yadda mai karatu zai gane inda nake faɗin yadda abu yake aiki da inda nake faɗin abin da ni zan yi.

Ina so in sayi sabuwar waya. Me ya fi cancanta in duba?

Abu na farko da nake dubawa shi ne wanda ba a cika rubuta shi a jikin kwali ba, wato shekarun da kamfanin ya yi alkawarin ci gaba da aiko wa wayar sabuntawar tsaro. Waya ba ta mutuwa ranar da aka daina aiko mata sabuntawa, amma daga ranar ne kowace kafa da aka gano a tsarinta za ta zauna a buɗe, kuma sannu a hankali manhajojin banki da na saƙo za su fara ƙin yin aiki a kanta. Kamfanonin sun bambanta sosai a wannan fanni. Google ya yi alkawarin shekara 7 ga Pixel 8 da ya fitar a 2023, Samsung ya yi irin wannan alkawari ga Galaxy S24 a 2024, alhali akwai wayoyi masu yawa da ba sa wuce shekara 2 ko 3, wasu ma ba a faɗi komai a kansu ba. Ana kuma lissafa shekarun ne daga ranar da wayar ta fito kasuwa, don haka wanda ya sayi samfurin da ya yi shekara biyu da fitowa ya riga ya rasa shekara biyu daga cikin alkawarin.

Abu na biyu shi ne girman ma'adana. Tsarin wayar da kansa yana cinye wani kaso tun kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, shi ya sa gigabait 64 yake cika da wuri ga mai yawan karɓar bidiyo. A ganina 128 ne mafi ƙanƙantar abin da ya dace a yau. Bayan waɗannan biyun sai batir da allo, su kuma hannu da ido ne suke yanke hukunci a kansu: a riƙe wayar, a fita da ita hasken rana, a ga ko ana iya karanta rubutu.

Wayar da kyamararta ke da megafiksel 108 ta fi mai 12 ɗaukar hoto mai kyau?

Ba dole ba ne. Megafiksel adadin ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto ne kawai, kuma idan aka cusa ɗigogi masu yawa a kan ƙaramin farantin karɓar haske, kowane ɗigo zai zama ɗan mitsitsi, hasken da yake samu kuma ya ragu. Wannan ne ya sa yawancin wayoyi masu manyan lambobi suke haɗa ɗigo huɗu ko tara su mayar da su ɗaya, har mai 108 ta ƙare da fitar da hoto mai megafiksel 12 a ɗaukar yau da kullum. Girman farantin, ingancin gilashi da ƙwarewar manhajar da ke gyara hoton su ne suke raba gardama. Wanda yake son ya gwada, ya ɗauki hoton mutum yana motsi a cikin ɗaki da daddare, domin da rana tsaka kusan kowace waya gwana ce.

Barin waya a caji har gari ya waye yana lalata batir?

Ba ya sa batir ya fashe ko ya sha wuta fiye da ƙima, domin akwai wani sashe a cikin wayar da ke tsayar da caji idan ya cika. Sai dai akwai gaskiya kaɗan a cikin tsoron. Batirin lithiyam, irin wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991 kuma har yau shi ne a kusan kowace waya, yana saurin tsufa idan ya daɗe a cike maƙil, musamman idan da zafi. Kamfanonin sun san da haka. Tun 2019 iPhone ta sami tsarin da ke tsayar da caji a kashi 80 cikin ɗari da dare, ya ƙarasa shi dab da lokacin da mai wayar ya saba tashi, kuma wayoyin Android da yawa suna da makamancinsa, wasu har suna ba da damar a hana cajin wuce kashi 80 ɗin gaba ɗaya.

Babban abokin gabar batir shi ne zafi. Wayar da aka tura ƙarƙashin matashin kai tana caji, ko aka bari a gaban mota cikin rana, ko ake buga wasa mai nauyi da ita tana jone da wuta, ta fi wadda ta kwana a caji bisa tebur shan wahala nesa ba kusa ba. Tsohuwar shawarar nan ta a bar batir ya mutu murus kafin a sa caji ta samo asali ne daga batiran nikel na da, kuma ga batirin lithiyam cutarwa take yi.

Duk kulawar da aka yi, batir abu ne mai ƙarewa. Apple ya bayyana cewa an tsara batiran iPhone 14 da na gabaninta su riƙe kashi 80 na ƙarfinsu bayan cikakken caji sau 500, na iPhone 15 kuma bayan sau 1,000. Wayar da ta shekara uku tana mutuwa da la'asar sau da yawa sabon batir kawai take buƙata, sauran jikinta lafiya lau.

Fawa-bank ɗina mai mAh 10,000 ne (ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), batirin wayata mai 5,000. Me ya sa ba ya cika ta sau biyu?

Domin ana yin asara a hanya. Batirin da ke cikin fawa-bank yana aiki a kan bolt 3.7, amma kafin wutar ta fito sai an ɗaga ta zuwa bolt 5 ko fiye, sannan wayar ta sake sauke ta zuwa abin da batirinta yake karɓa. A kowane mataki wani kaso yana tafiya a matsayin zafi, kuma ɗumin da ake ji a hannu shi ne shaidar hakan. Saboda haka cika ɗaya da ɗan ƙari shi ne abin da za a sa rai, kuma wannan ba alamar jabu ba ce. Alamar jabu ita ce ƙaramin abu marar nauyi da aka rubuta masa lamba mai ban tsoro, domin ƙarfin batir yana tafiya da nauyinsa.

Ga matafiya ta jirgin sama, ƙa'idar da aka saba ita ce fawa-bank ya kasance a jakar hannu, kada a sa shi a kayan da ke shiga ƙarƙashin jirgi, kuma wanda ya wuce wat-awa 100, wato kimanin 27,000 a lambar da aka saba gani, yana buƙatar izinin kamfanin jirgin.

Zan iya amfani da kowace caja muddin bakinta ya shiga?

Yanzu da bakin USB-C ya zama ruwan dare, musamman bayan dokar Tarayyar Turai da ta wajabta shi ga wayoyi daga ƙarshen 2024, wadda ta sa iPhone ma ta koma kansa tun 2023, cajar wani kamfani tana cajin wayar wani ba tare da matsala ba. Wayar da cajar suna daidaitawa a tsakaninsu kan ƙarfin wutar da za a tura, don haka babbar cajar kwamfutar tafi-da-gidanka ba za ta ƙona ƙaramar waya ba. Abin da ya rage shi ne igiyoyin sun yi kama a ido amma ba ɗaya suke ba: wata tana ɗaukar caji mai sauri, wata ba ta ɗauka, wata tana tura fayil da gudu, wata tana jan ƙafa.

Inda ba na sassauci shi ne cajar da ba a san wanda ya ƙera ta ba. Abin da ake ragewa a cikinta don ta yi sauƙi shi ne abin da ke raba wutar bango da hannun mutum. Araha ba ta ado.

An rubuta cewa wayata ba ta jin ruwa. In shiga wanka da ita?

A'a. Alamar IP68 tana nufin an gwada sabuwar waya a cikin ruwa mai tsafta a ɗakin gwaji, robar da ke toshe kafofin kuma tana saki da tsufa da faɗuwa. Sabulu, tururi da ruwan gishiri ba sa cikin gwajin, kuma garantin yawancin kamfanoni bai haɗa da ɓarnar ruwa ba.

Manhajojin share waya da ƙara mata sauri suna da amfani?

Ban taɓa ganin wadda kwalliyarta ta biya kuɗin sabulu ba. Android da iOS, tsarin iPhone, suna daskarar da manhajar da ba a amfani da ita da kansu, kuma idan aka kashe ta da ƙarfi, sake tayar da ita daga farko ya fi cin batir. Manhajar sharar kuwa ita kanta tana zaune a bayan fage, tana nuna talla, tana neman izinin ganin duk fayilolin da ke wayar. Wanda wuri ya ƙare masa ya shiga saitin ma'adana ya ga abin da ya cinye wurin, kuma kusan kullum zai tarar bidiyoyin da aka turo a zaurukan hira ne. Kashe saukar da bidiyo kai tsaye a WhatsApp ya fi duk wata manhajar shara aiki.

Sabuntawa tana damuna, kuma wani lokaci tana canja mini abubuwa. Ba zan iya ƙyale ta ba?

Akwai sabuntawa iri biyu, kuma haɗa su wuri ɗaya ne yake jawo wannan ƙorafi. Akwai babba, wadda take zuwa kamar sau ɗaya a shekara ta canja kamannin tsarin, ita kam babu laifi a jinkirta ta mako biyu ko uku har a ji yadda ta yi wa waɗanda suka riga. Akwai kuma ta tsaro, ƙarama, wadda ba ta canja komai a ido, aikinta toshe kafar da aka gano. Wannan ba a jinkirta ta, domin ranar da kamfani ya fitar da gyara ita ce ranar da ɓarayin intanet suke sanin ainihin inda kafar take, kuma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne WannaCry, manhajar garkuwa da fayiloli da ta bazu a watan Mayun 2017, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Microsoft ya riga ya fitar da gyaran kafar da ta bi tun watan Maris na shekarar, wato wata biyu kafin harin. Waɗanda abin ya ci galibi waɗanda ba su sa gyaran ba ne.

Kwamfutata tana kan Windows 10, kuma ta ƙi karɓar Windows 11. Yaya zan yi?

Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025, tare da wani shiri na ƙarin shekara ɗaya na gyaran tsaro ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana buƙatar wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma injin sarrafawa na baya-bayan nan, shi ya sa kwamfutoci masu lafiya da yawa suka rasa shiga. Kafin a yanke ƙauna a duba saitin da ake shiga tun kafin Windows ta tashi, wato BIOS, domin a wasu ɓangaren yana nan, a kashe kawai yake.

Idan da gaske ba ta cancanta ba, kuma aikin da ake yi da ita bai wuce burauza, rubutu, lissafi da kallon bidiyo ba, ni zan sa mata Linux Mint, wani tsarin da ke maye gurbin Windows, in yi rubutu da LibreOffice. Duka biyun kyauta ne kuma ana sabunta su. Amma in faɗi gaskiya, wanda aikinsa ya dogara da wata manhaja ta musamman da ba ta aiki sai a Windows, ko yake musayar takardun Word masu tsari mai sarƙaƙiya da abokan aiki kullum, zai gamu da ƙananan matsaloli da za su gajiyar da shi. Shi sabuwar kwamfuta ta fi masa.

Tsohuwar kwamfuta ce mai nauyin tashi. Me zan canja mata?

Idan har yanzu tana amfani da faifan ajiya mai juyawa, a musanya shi da SSD, wato faifan ajiya na zamani. Faifai mai juyawa yana da allura da sai ta yi tafiya zuwa inda bayanin yake, shi kuwa SSD ba shi da abin da ke motsi, kuma bambancin yana bayyana tun daga kunnawar farko. Ban san wani gyara guda ɗaya da ya kai shi tasiri ba. Bayansa sai ƙarin RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, idan ba ta kai gigabait 8 ba.

Na sayi faifai mai terabait 1, kwamfuta ta nuna gigabait 931. An cuce ni?

Ba a cuce ka ba. Masu ƙera faifai suna ƙirga da dubu-dubu, Windows kuma yana ƙirga da 1,024, shi ne ya haifar da giɓin. Cutar gaske tana wurin katin memori na jabu, wanda aka yi wa dabara ya nuna babban wuri alhali ƙarami ne, sai ya riƙa karɓar fayiloli yana taka na baya ba tare da ya faɗa ba. A cika sabon kati da bidiyoyi a buɗe su ɗaya bayan ɗaya kafin a amince masa da abu mai muhimmanci.

Wace irin kalmar sirri ce mai ƙarfi, kuma sau nawa zan riƙa canja ta?

Yawancin mutane suna tunanin ɓarawo yana zama ne yana cankar kalmarsu. Abin da ya fi faruwa shi ne a fasa rumbun wani kamfani da mutum ya taɓa yin rajista a wurinsa shekaru da suka wuce, a kwashi adireshin imel da kalmomin sirri na miliyoyin mutane, sannan a sa kwamfuta ta riƙa gwada su a Gmail, Facebook da bankuna. Wanda yake amfani da kalma ɗaya a ko'ina, ƙarfinta ba zai cece shi ba, domin an same ta a rubuce. Saboda haka sharaɗi na farko shi ne kowane asusu da tasa kalmar, na biyu kuma tsawo. Kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, a jere, sun fi gajeriyar kalma mai cike da alamomi wuyar fasawa, sun kuma fi sauƙin tunawa.

Maganar canjawa duk wata uku kuwa, hukumar ma'aunai da fasaha ta Amurka, NIST, ta janye wannan shawara tun 2017, bayan an lura cewa mutanen da aka tilasta musu canji lamba ɗaya kawai suke ƙarawa a ƙarshe. A canja kalma idan akwai dalilin zaton ta fita. Shafin Have I Been Pwned, wanda Troy Hunt ya kafa a 2013, yana nuna wa mutum ko adireshinsa yana cikin bayanan da aka san an sace.

Babu mai iya haddace kalmomi hamsin, don haka ake amfani da manhajar adana kalmomin sirri, irin Bitwarden ko KeePass, ko wadda take cikin burauza da waya. Akwai masu cewa wannan tara ƙwai ne a kwando ɗaya, kuma ba su yi ƙarya ba: a 2022 an sace kwafin rumbunan abokan cinikin LastPass, waɗanda babbar kalmarsu ba ta da ƙarfi suka shiga haɗari. Duk da haka ina ganin haɗarin maimaita kalma ɗaya ya fi wannan girma sosai. Ko littafin takarda da aka ɓoye a gida ya fi maimaitawa, domin ɓarawon da ke wata nahiya ba zai iya buɗe durowa ba.

Lambar tabbatarwa da ake turowa ta saƙon tes ta isa?

Ta fi babu nesa ba kusa ba, kuma wanda ba shi da komai ya kunna ta yau. Rauninta shi ne tana bin layin waya, layi kuma ana iya karɓe shi idan ɓarawo ya yaudari kamfanin sadarwa ya ba shi sabon sim da lambar wani. Manhajar da ke samar da lamba a cikin wayar kanta, wadda take canjawa duk daƙiƙa 30, ba ta da wannan rauni. Lokacin kunna ta ana ba da lambobin ko-ta-kwana, kuma ya kamata a rubuta su a takarda, domin ranar da waya ta ɓata su ne hanyar komawa. Ko wace iri ce, ƙa'ida ɗaya ba ta canjawa: duk wanda ya kira ko ya rubuto yana neman a karanta masa lambar, ko da sunan banki ya zo ko da sunan aboki, ɓarawo ne. Asusun imel ne ya fi cancantar wannan kariya, domin ta cikinsa ake sake saita kalmar sirrin sauran.

Tsakanin WhatsApp, Telegram da Signal, wanne ya fi sirri?

WhatsApp ya kammala rufe saƙonni daga mai aikawa zuwa mai karɓa a 2016, da fasahar da aka aro daga Signal, ma'ana kamfanin ba ya iya karanta abin da aka rubuta. Amma yana sanin wa ya yi magana da wa da kuma yaushe, kuma mallakin Meta ne, wanda ya saye shi a 2014 lokacin yana amsa sunan Facebook. Akwai kuma wani wuri da ake mantawa, wato kwafin hirarrakin da ake ajiyewa a Google Drive ko iCloud, wanda ba ya samun irin wannan rufi sai mutum ya kunna zaɓin da aka ƙara a 2021.

Telegram ya yi suna da sirri fiye da yadda ya cancanta. Hirarsa ta yau da kullum da ta zauruka suna zaune a rumbun kamfanin ta yadda a fasahance yana iya kaiwa gare su, sai hirar sirri ta mutum biyu ce kawai take da cikakken rufi, ita ma sai an zaɓe ta. Yana da kyau wajen manyan zauruka da tura manyan fayiloli, a yi amfani da shi don wannan. Signal ne ya fi tara bayani kaɗan, kuma gidauniya ce take gudanar da shi, matsalarsa kawai ita ce sai wanda ake son magana da shi ya yarda ya sauke shi. Kwaikwayon WhatsApp da ake saukewa daga wajen shagon manhajoji kuwa, a guje shi, domin ba a san wanda yake karanta saƙon ba, kuma kamfanin yana rufe asusun masu amfani da shi.

Shafin ɓoye na burauza da VPN suna ɓoye ni a intanet?

Shafin ɓoye yana hana burauzar ajiye tarihi a kan na'urar ne kawai, wato kariya ce daga wanda zai ɗauki wayar bayanka. Kamfanin da ke ba da intanet, mai kula da hanyar sadarwar ofis da shafin da aka ziyarta duk suna gani kamar kullum.

VPN yana ɗauke ganin daga kamfanin intanet ya miƙa wa kamfanin VPN ɗin, don haka tambayar ita ce wanne aka fi yarda da shi. Yana da amfani wajen buɗe shafin da aka toshe a wata ƙasa ko shiga hanyar sadarwar wurin aiki daga nesa. Tsoron da ake tallata shi da shi, na cewa za a sace kalmar sirri a Wi-Fi na jama'a, ya ragu ƙwarai tun da yawancin shafuka suka koma HTTPS, tsarin da ke rufe bayanai tsakanin burauza da shafi, har Chrome ya fara yi wa waɗanda ba su koma ba tambarin rashin tsaro a 2018. VPN na kyauta da ba a san mai shi ba kuwa, yana da kuɗin gudanarwa da dole wani ya biya, kuma ba na son bayanaina su zama kuɗin.

Hotunana suna Google Photos. Ai sun tsira ko?

Sun tsira daga ɓatan waya, amma akwai saura. Irin waɗannan ayyuka madubi ne na abin da ke wayar, don haka hoton da aka goge ta cikin manhajarsu a nan yana gogewa a can, sai ɗan lokacin da yake yi a kwandon shara. Na taɓa taya wani neman hotunan shekaru da ya share da hannunsa don ya samu wuri a waya, yana zaton akwai kwafi a sama, kuma lokacin da ya lura wa'adin kwandon ya wuce. Wurin kyautar ma yana da iyaka: Google yana ba da gigabait 15 da Gmail, Drive da Photos suke rabawa, ajiyar hotuna marar iyaka ta ƙare a ranar 1 ga Yunin 2021, iCloud kuma gigabait 5 yake bayarwa. Idan wurin Google ya cika, imel ma yana daina shigowa. Tun Disamban 2023 kuma kamfanin yana iya share asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bi ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Ga mutum ɗaya wannan yana nufin waya, ajiyar intanet, da faifan waje da ake jonawa lokaci-lokaci a kwafe sannan a cire. A riƙa buɗe faifan ana duba cewa hotunan suna buɗuwa.

Ina biyan intanet mai gudun 100, amma fayil yana sauka da 12. Kuma a ɗaki sigina ba ta kai.

Lambar farko megabit ce, ta biyu megabait, kuma bit 8 ne suke yin bait ɗaya, don haka 100 a raba da 8 ya ba da 12.5. Abin da aka biya shi ake samu. Game da sigina, rauta, wato na'urar Wi-Fi, tana watsawa a zango biyu: na 2.4 GHz yana ratsa bango ya yi nisa amma yana da cunkoso, domin Bluetooth da rautocin maƙwabta suna kansa, na 5 kuma ya fi sauri amma ba ya nisa. Kafin a sayi wata na'ura a fito da rautar daga bayan talabijin ko cikin kabad, a ɗora ta a sama a tsakiyar gida. A kuma canja kalmar sirrin shiga saitinta da ta zo da ita daga kamfani.

Ina buƙatar sayen manhajar kashe bairos?

Ga mai Windows da ake sabuntawa, Microsoft Defender da ke cikinta ya wadatar. A waya kuma kariyar ita ce a tsaya ga shagon manhajoji na hukuma, a kuma duba izinin da manhaja take nema, domin tocila ba ta da hujjar neman lambobin mutane. Manhajojin da aka fasa don a samu kyauta su ne babbar ƙofar shigowar cuta.

Zan iya dogara da amsoshin ChatGPT da makamantansa?

Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022 mutane da yawa suka mayar da irinsa wurin tambaya. Suna da amfani wajen gyara rubutu, taƙaita dogon bayani da fayyace abin da ya shige duhu. Amma an gina su ne su haɗa magana mai kama da daidai, kuma suna iya ƙirƙiro suna, kwanan wata ko littafin da babu shi, da irin natsuwar da suke faɗin gaskiya. Duk abin da ya shafi magani, shari'a ko kuɗi a tabbatar da shi a wani wuri, kuma kada a zuba musu sirrin aiki ko lambobin asusu.

Zan sayar da tsohuwar wayata. Me zan yi kafin in miƙa ta?

A fara da kwafe hotuna da hirarraki, a tabbatar sun buɗu a sabuwar wayar. A mayar da manhajar lambobin tabbatarwa zuwa sabuwar tun tsohuwar tana hannu, domin wannan ne matakin da aka fi mantawa, kuma gyaransa daga baya yana da wahala. Sannan a fita daga asusun Google ko na Apple kafin a mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. Idan aka share ba a fita ba, makullin hana sata, wanda iPhone ta samu a 2013 Android kuma a 2015, zai tsayar da mai saye a shafin farko yana neman kalmar sirrin mai wayar na da. Wayoyin zamani suna rufe bayanansu da mabuɗi, sharewar kuma tana lalata mabuɗin, don haka ba a buƙatar wata manhaja ta musamman. Katin memori ne ba ya cikin wannan kariya, a zare shi tare da sim kafin a rufe kwali.